Ranar da na je yi wa Otai liƙi

Ba zan taɓa mantawa da wannan Asabar ɗin ba, ko na so in manta ma Bulus ya rantse ba zai bari ba. Amma ku tsaya tukuna in fara gaya muku labarin albam ɗin, in ba haka ba za ku ɗauka hauka kawai na yi. Haukan kam na yi shi, ban musa ba, sai dai da dalilinsa.

Akwai wani tsohon mawaƙi a nan Malesiya. Ba zan kama sunansa ba, abin da na yi masa ma ya isa haka. Masoyansa Otai suke ce masa, wato tsohon hannu. Tun iyayen abokan karatuna suna samari yake kiɗan rok, irin na ihu da tsalle da wandon fata. Daga baya aka daina jin ɗuriyarsa, har wasu suka ɗauka ya rasu. Kwatsam sai ga shi da sabon albam, mutum ya haura saba'in, ya ɗauko rok ɗinsa na da ya gauraya da kantiri, kiɗan kaboyi ke nan. A wani mamak, wato shagon abinci, na Sri Petaling na fara jin sa, ina tsaka da cin gurasar roti, na tsaya da loma a hannu har miyar ta huce.

Jama'a, ku nemi albam ɗin nan ku ji. Waƙar farko jitar lantarki ce ke buɗe ta da gurnani kamar an tayar da janareton maƙwabci. Kana shirin toshe kunne sai wata jitar ta shigo, irin wadda ake kwantarwa a cinya ana goga mata ƙarfe, tana kuka sak kukuma. Sannan muryarsa. Ta dushe, ta tsattsage, in ya ja ta sama kana jin daidai inda take ƙarewa, kuma bai ɓoye ba. Akwai waƙar da ya yi wa gwiwoyinsa, wallahi gwiwoyi, yana ba su haƙuri kan tsallen da ya sa su a ƙuruciya. Akwai wadda yake zagaya tsohuwar motar ƙungiyarsu yana faɗin wanda ke zama a kowace kujera, kuma duk sun mutu sai shi. Malayancina bai wuce na sayen abinci ba, layi-layi na bi da waya ina fassarawa, sati biyu na yi a kai (jarrabawar da na faɗi a wannan zangon ba ta cikin labarin nan).

A bangon albam ɗin yana zaune a bayan a-kori-kura, ya ja baƙar hular kaboyi har gira, farin gashi ya zubo masa har kafaɗa. Wannan hula da wannan gashi su ne tambarinsa. Ka duba duk hotunansa, ba za ka ga ɗaya babu su ba.

Ni kuma jita da kaina na koya. Ta gwanjo na saya a hannun wani ɗalibi da zai koma gida, na zauna gaban bidiyoyin intanet har kan yatsuna suka yi kanta. Kod huɗu na iya, wato danna yatsu iri huɗu, kuma da su na ɗauki kaina mawaƙi. Ina da wata fahimta da nake damun kowa da ita, cewa kantiri kiɗanmu ne aka ara. Shanu, doguwar tafiya, kewar gida, wadda kake so ta tafi ta bar ka: wannan ai labarin Arewa ne aka sa masa hula mai faɗi. Har waƙa na rubuta da Hausa a kan wannan salon. Waƙar rago ce. Ina ɗan shekara tara a Kaduna aka ba ni kiwon ragon layya, na raɗa masa suna Sanata saboda ci da barci kawai ya iya, ranar Sallah aka yanka shi ina riƙe da igiyarsa. Ban taɓa yin rashi mai zafin wannan ba, don haka shi na yi wa waƙa.

Bulus abokin ɗakina ne, ɗan Jos, shi ke kaɗa fiyano a cocinsu da ke Cheras. Shi ya iya kiɗa da gaske, shi ya sa ba ya tausaya mini. In na ɗauko jita sai ya ce, "Kaboyi, abeg, yau ma za a sake yanka Sanata? Wannan rago ya mutu sau ɗari a ɗakin nan."

To, sai na shiga guruf ɗin masoyan Otai. Shugabar wata dattijuwa ce, Kak Zaiton (Kak ɗin Yaya ke nan da yarensu), tsohuwar malamar makaranta, irin waɗanda ko a rubutu kana jin suna kallonka ta saman tabarau. Wata rana ta sanar cewa Otai zai yi ɗan ƙaramin zama da masoya ranar Asabar da la'asar, a saman wani kedai, wato shagon kofi, a Kampung Baru. Zai rera waƙoƙin albam ɗin, za a ɗauki bidiyo, in an gama kuma za a ba matashi ɗaya dama ya rera tasa waƙar a gabansa, ya faɗa masa gaskiya a kai. Matashi ɗaya tak. Na dinga aika wa matar nan saƙo safe da yamma, ina gaishe ta, ina tambayar lafiyar jikokinta da ban sani ba, har ta gaji ta rubuto, "Boleh, Adik. Minti huɗu. Kada ka makara." Wato ta yarda, har ta kira ni ƙane.

Abin da nake nema a duniya ke nan: Otai ya ji waƙata, ya gaya mini ko in ci gaba ko in sayar da jitar. Da na tsaya a nan, da yanzu ba ni da labarin ba ku.

Amma sai na kalli bidiyoyin wasanninsa, raina ya ɓaci. Mutum ya gama waƙar da ta sa ni hawaye, jama'a na zaune a ƙasa sun naɗe ƙafa, su tafa a hankali, su yi shiru. Shi ke nan. Na ce wa Bulus, "Kai dubi wannan wulaƙanci. Dattijo ya ƙarar da rayuwarsa a waƙa, a tafa masa kamar ɗan firamare ya kawo hadda? Babu mai tashi ya yi masa liƙi?"

Bulus ya ajiye cokali. "Mutumina, kada ka fara."

"A gida ko mai kalangun unguwa ba a bari ya tashi goshinsa a bushe."

"Nan ba gida ba ne lah. Ka taɓa ganin an manna wa wani kuɗi a goshi tun da ka zo ƙasar nan?"

"Shi ya sa zai ji daɗi. Bai taɓa samu ba."

Kun ji irin hankalin. Ni a lissafina, in na yi masa karamcin da ba a taɓa yi masa ba, zai saurari waƙata da zuciya mai laushi.

Na je wajen mai mamak ɗinmu na roƙe shi canji, ya tattaro mini 'yan ringgit ɗai-ɗai, shuɗayen nan. Wasu sun yamutse, ku kuma kun san ba a liƙi da yamutsattsen kuɗi, sai na jona dutsen guga. Abin da ban yi tunani ba, kuɗin nan na roba ne. Ina ɗora guga ta farko ta naɗe ta koma kamar soyayyen ƙwaro, ɗakin ya gauraye da warin leda. Bulus ya yi dariya har ya shaƙe. Sauran sai na danne su ƙarƙashin littattafai.

Sannan muka yi gwaji. Na tsayar da Bulus tsakar ɗaki, ya rungumi tsintsiya a matsayin jita, ni kuma na taho da takun manya ina manna masa. Ko ɗaya ba ta zauna ba. Naira in ka manna ta tana ɗan daɗewa kafin ta faɗo, wannan kuwa santsi gare ta, sai ta zame ta hancinsa ta sauka. Muka gwada da man shafawa, muka gwada da ruwa. A ƙarshe muka kashe fanka, na sa shi ya yi tsallen kwaɗo har ya jiƙe, sai ga ta ta zauna. Muka gane sirrin gumi ne.

Yana haki ya ce, "In aka kama ka, ban san ka ba. Na faɗa maka tun yanzu."

Ranar Asabar na sa shaddata ta Sallah, na kafa zanna, na rataya jita a baya, aljihu a cike. A jirgin ƙasa na LRT yara na ta leƙena. Muka sauka Kampung Baru, muka bi ta gaban masu sayar da abinci, muka hau benen. Kowa ya cire takalmi a ƙofa. Ɗakin ba shi da girma, an shimfiɗa darduma, yawancin mutanen dattawa ne, mata da mayafansu, maza da tsofaffin riguna masu hotonsa. Kak Zaiton ta dube ni daga hula har yatsun ƙafa, ta ce, "Ka yi kyau, Adik. Biki za ka daga nan?" Ta nuna mana wuri a layi na biyu, ta ce kowa ya kashe ƙarar waya, kuma in an fara ɗauka ko tari a riƙe.

Sai ga shi ya fito. Ya fi yadda na zata ƙanƙanta, yana ɗan ɗingishi, amma hular na nan, gashin na nan yana sheƙi a kafaɗarsa. Ya zauna kan doguwar kujera rungume da jitarsa, mai jitar cinya a gefensa, mai ganga a baya. Da ya buɗe baki sai na manta da komai. A waya ban taɓa jin numfashin da yake ja tsakanin layi da layi ba. Waƙa uku na yi ina kuka a ɓoye, ina goge ido da hannun shadda.

A ta huɗu ya shiga waƙar motar nan, ta abokansa da suka mutu. Ɗakin ya yi tsit, wata mata a gabana ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa zuciyata ta ce, yanzu ne. A gida ai daidai inda mawaƙi ya taɓa ka, nan kake tashi. Bulus ya riƙe mini gefen riga, na fizge.

Na miƙe. Na tsallake ƙafar wani dattijo. Na taho a hankali, kafaɗa a buɗe, ina ɗan rausaya, kuɗi a hannun hagu na baza su kamar mafici. Mai ɗaukar bidiyo ya ɗago kai ya dubi Kak Zaiton, ita kuma ta dube ni, bakinta a ɗan buɗe. Otai idonsa a rufe yake, bai san ina tafe ba.

Da na isa gabansa sai na ga matsala biyu. Ta farko, na'urar sanyaya ɗaki na aiki sosai, babu ɗigon gumi a fuskar mutumin nan. Ta biyu, babu goshi. Hular ta rufe shi ruf, daga bakinta sai gira. Na tsaya da kuɗi a hannu, ga kyamara, ga jama'a, komawa kuma ba ta yiwuwa. Na manna ta farko a kumatunsa, ta zame ta faɗa ramin jitarsa. Ya buɗe ido ya gan ni. Bai daina waƙa ba, tsohon hannu ne da gaske, sai dai idanunsa sun tambaye ni abubuwa da yawa. Na yi masa murmushin girmamawa, na manna ta biyu a haɓarsa. Ta sauka kan wayoyin jitar ta yi wani ɗan ƙara.

A nan ne na tuna yadda ake yi a gida. Mun sha gani, in hular mawaƙi ta sauko, mai liƙi kan ɗan tura ta baya da yatsa ya samu wuri, ba wanda ke ɗaukar haka raini. Don haka na sa yatsu biyu a bakin hular, na ce a hankali, "Afuwan, Baba," na ɗan ɗaga.

Ɗan ɗagawa na yi niyya, Allah ne shaidata. Amma hular ba ta da nauyi. Sai ta taho gaba ɗaya. Gashin ma ya biyo ta.

A ɗinke yake a jikinta, jama'a. Duk wannan farin gashin da ke bangon albam, a cikin hular aka ɗinke shi zagaye. Na tsinci kaina riƙe da hula mai jela, a gabana kuma ga wani ɗan tsoho mai sanƙo tas, kansa na ɗaukar hasken fitila, yana rera sunan marigayi mai gangarsu na farko.

Babu wanda ya yi ihu. Da an yi ihu ma da ya fi mini sauƙi. Abin da ya faru shi ne kowa a ɗakin ya sunkuyar da kai lokaci ɗaya yana kallon darduma, kamar an ce a nemo allura. Mai jitar cinya ya ƙura wa yatsunsa ido. Mai ganga ya juya yana kallon bango, hannunsa na ci gaba da aiki.

Ni kuma na ce bari in gyara ɓarna. Na kifa masa hular da sauri, ashe na juya ta, gaba ya koma baya. Gashin ya zubo masa a fuska kamar labule, ya rufe ido da hanci da makirfo. Ta cikin gashin muryarsa ke fitowa, kuma wallahi bai tsallake kalma ɗaya ba. Da ya kai inda ake barin jitar cinya ta yi kukanta, sai ya sa hannu ya cire hular da kansa, ya rataye ta a sandar makirfo, ya gyara mata gashin da yatsu, ya koma kan jitarsa.

Yanzu ga abin da har yau ban iya yi wa kaina bayani ba. Ina tsaye a wurin, ƙwaƙwalwata ta ɗauke wuta, amma idona ya lura da wani abu. Gumi ya tsattsafo a sanƙon. Ga fili, ga gumi, ga kuɗi a hannuna, ga sati guda na gwaji. Hannuna bai nemi shawarata ba. Ya tashi ya manna ringgit a tsakiyar kan Otai.

Ta zauna daram.

Da ita ya ƙarasa waƙar. Baiti biyu da amshi, shuɗiyar takarda a ƙoƙon kansa, ko motsi ba ta yi ba. Ni kuwa na ja da baya da baya har na koma layi na biyu, na tarar wurin Bulus wayam. Can na hango shi a ƙarshen ɗaki kusa da takalma, ya zauna tsakanin wasu tsofaffi biyu yana gyaɗa kai kamar tare suka zo (daga baya na ji ya gaya musu shi ɗan Sudan ne).

Aka gama waƙar, aka tafa a hankali, har yanzu kowa na kallon darduma. Kak Zaiton ta taso, ta kama hannun shaddata da yatsu biyu, ta ja ni bakin bene. Ba ta ɗaga murya ba.

"Adik, a ƙasarku ana taɓa kan dattijo?"

"A'a, Kak. Wato e, amma sai in ana son sa. Girmamawa ce. Wallahi ban san gashin ba nasa ba ne."

"Nasa ne. Shi ya saya." Ta gyara tabarau. "Ka ɗauka asiri ka tona? Duk wanda ke ɗakin nan ya sani. Mun fi shekara ashirin da sani. Ni na raka matarsa wajen mai ɗinkin. Mun dai haɗu ne a kan ba mu sani ba, shi ma ya san mun sani, kowa na zaune lafiya. Yanzu ka sa mun gani. Ya kake so mu yi da abin da muka gani?"

Na ce, "Minti huɗun nawa fa, Kak?"

Ta yi mini kallon da na tabbata ta kashe ɗalibai da yawa da shi. "Sa takalminka."

Na sunkuya ina neman takalmi a cikin tarin, jita na bugun ƙeyata, idona ya cika. Sati uku ina shiri, ga shi zan sauka benen nan ba tare da ya ji ko layi ɗaya ba. Na samu ƙafa ɗaya ke nan sai na ji muryarsa ta makirfo.

"Ashe haka ɗakin nan ke da iska mai daɗi."

Sai ya yi dariya, irin ta masu tsohon tari, sannan ɗakin ya samu izini, kowa ya saki tasa. Wata tsohuwa har da kwanciya a kafaɗar ƙawarta. Ya ce, "Ina yaron mai rigar biki? Zaiton, dawo mini da shi."

Na dawo da takalmi ɗaya a hannu. Ya ɓamɓare kuɗin daga kansa, ya juya shi gaba da baya.

"Mene ne wannan ɗin da ka yi mini?"

Na durƙusa na yi bayani da Turancin da ya rage mini. Na ce a wurinmu in mawaƙi ya taɓa zuciyarka ba ka tafawa daga zaune, tashi kake ka je ka manna masa kuɗi a goshi kowa na gani, don a san waƙarsa ta yi aiki.

"Manyan mawaƙa ma haka ake musu?"

"Su ne ma aka fi yi wa, Pak Cik," na ce, wato Kawu da yarensu.

"Da ringgit ɗaya?" Ya ɗaga ta sama ya nuna wa jama'a. "Tun kafin a haifi babanka nake waƙa. Ka tuɓe ni a gaban matan da suka yi ƙuruciya da hotona a ɗakinsu, a kan abin da ko shayi ba zai saya ba?"

Ɗakin ya sake fashewa. Na ce a raina ƙasa ta taimaka ta buɗe, amma a bene muke.

Ya tambayi Kak Zaiton wane ne matashin da zai yi waƙa. Ta nuna ni da haɓa, ba ta ko dube ni ba. Ya gyaɗa kai, ya zare hular daga sandar makirfo, ya miƙo mini.

"Ka ga kaina, ni ma zan ga naka. Cire taka, sa wannan. In za ka yi waƙa a ɗakina yau, a cikinta za ka yi."

Haka na cire zanna na kifa hular Otai. Ku hasko ni: shadda ruwan toka, baƙar hular kaboyi, farin gashi har kafaɗa yana shiga mini baki, safa a ƙafa. Hular ɗumi gare ta, tana ƙamshin man kai. Na zauna kan kujerarsa, na danna kod na farko, ya fito a karkace. Na rufe ido na fara:

"Sanata, ina ka tafi, ka bar ni da igiya a hannu."

A baiti na biyu sai na ji wani abu ya shigo ƙarƙashin muryata. Mai jitar cinya ne ya bi ni. Jama'a, ban san waƙata za ta iya yin irin wannan kukan ba. Na daina jin gashin, na daina jin kunya, na koma bayan gidanmu ina ɗan shekara tara. Da na buɗe ido, matar nan mai mayafi na share hawaye, ko kalma ɗaya ta Hausa ba ta ji.

Otai ya daɗe yana shafa sanƙonsa. Ya ce, "Wa ya rasu? Mahaifinka?"

"Rago ne, Pak Cik."

"Rago."

"Na layya. Ni na yi kiwonsa."

Matar ta sauke mayafin daga fuskarta ta dube ni kamar na ci bashin hawayenta da ƙarya. Otai kuwa bai yi dariya ba. Ya ce shi ma yana yaro an yanka masa saniyar da ya saba da ita, kwana uku bai ci nama ba, kuma bai taɓa samun ƙarfin halin yi mata waƙa ba. Sannan ya faɗa mini gaskiyar da na zo nema.

"Jitarka ba ta da kyau ko kaɗan. Hannunka na dama gudu yake kamar zai kama jirgi, na hagu kuma bai san an tafi ba. Amma waƙar ta gaske ce, kada ka taɓa ta. Ina zama a nan duk Asabar bayan la'asar, ka riƙa zuwa in gyara maka hannun." Ya karɓi hularsa ya ajiye a cinya. "Ka zo aljihu babu komai. In za ka gaishe ni kuma, daga bakin ƙofa."

Yau Asabar biyar ke nan ina zuwa, kod ɗina sun zama shida. Kak Zaiton ta cire ni daga guruf tun kafin in kai tashar jirgi, kuma har yanzu in mun haɗu a benen sai ta dafe mayafinta da hannu biyu ta raɓa ta gefe. Otai ya koma sa hularsa, jama'a sun koma ba su sani ba, ni ma an koya mini yadda ake rashin sanin.

Abin da na koya dai, in ƙaunar mutum ta cika maka ciki a ƙasar da ba taku ba, kafin ka nuna masa ita irin ta gida, ka samu ɗan gari ɗaya ka tambaye shi. In kuma ka ga ɗaki cike da dattawa sun zauna shiru a kan wani abu, ba wayonka ne ya fi nasu ba, zauna kai ma.

Ku fa? Na san ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ya taɓa ɗauko al'adar gida ya sauke ta a inda ba a nema ba, ya rubuto mana a ƙasa yadda ta kaya. Ku taimaka ku faɗa da gaskiya, ina neman wanda nasa ya fi nawa muni in samu in ɗan huta.